Yadda Ake Kiwon Kifin Ado Masu Haihuwa a Damagaram: Daga Shigar Ciki Zuwa Girman Ƴaƴa

Tambayoyi biyu masu ajiye kifin ado suka fi yi mana. Ta farko: "Cikin kifina ya kumbura, juna biyu ne ko ciwo?" Ta biyu: "Jiya da dare na ga ƴaƴa birjik, da gari ya waye babu ko ɗaya, ina suka shiga?" Wannan jagora ta shafi kifaye huɗu da ke haifar ƴaƴansu da rai maimakon zuba ƙwai, wato gupi, moli, filati da mai takobi. Sa su haihuwa ba wani aiki ba ne, da zarar namiji da mace sun haɗu ciki ya shiga. Wahalar tana wajen ruwa, zafi da ceton ƴaƴan, kuma a garin da ruwa ke da tsada, bazara ke haura digiri 40, wuta ke ɗaukewa, a nan ake tafka asara.

1. Tanadi kaya kafin ka sayi kifi

Mazubi biyu kake buƙata. Na farko akwatin gilashi na iyaye. Mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54. Ka ninka ma'aunan uku ka raba da 1000, lissafin ke nan ga kowane akwati. Wannan ya ishi gupi ko filati shida zuwa takwas. Moli da mai takobi suna kaiwa santimita 10 ko fiye, su sai akwatin da ya kai lita 100. Mazubi na biyu na ƴaƴa ne, kuma sabon bahon roba mai cin lita 20 zuwa 30 ya wadatar. Mai faɗin baki ya fi mai zurfi, domin ta saman ruwa iska ke shiga.

Sauran kayan: injin iska da tiyonsa, matacin soso ɗaya ga kowane mazubi, ma'aunin zafi, ƴar raga ta kamun kifi, bokitin da ba a taɓa sa masa sabulu ba, murfi, da hita mai watt 50 saboda hunturu.

Akwatin ne ya fi cin kuɗi, kuma mai yankan gilashi zai iya haɗa maka shi da gilashi mai kaurin milimita 6. Kayan da ke shigowa ta Kano farashinsu yana bin canjin naira da sefa, don haka ka tambaya a ranar da za ka saya. Fitila mai launi-launi, tsakuwar fenti da furannin roba duk ana iya haƙura da su. Abu biyu ne ba a yi musu rowa: ma'aunin zafi, da injin iska mai aiki da batir ko wanda ake jona shi da ma'ajiyar cajin waya. Injin watt 3 da ke aiki dare da rana bai wuce kilowat-awa 2 da ɗan kai a wata ba.

Hattara: da silikon, wato gam, ake haɗa gilashin akwati, amma wanda ake sa wa banɗaki da kicin yana ɗauke da maganin fumfuna, kuma yana kashe kifi. A nemi wanda aka rubuta na akwatin kifi ne, a bar shi ya bushe mako guda, a cika akwatin a tsakar gida a ga ko yana yoyo. Ruwan lita 54 kilo 54 ne, teburin da ke rawa ba zai ɗauka ba.

Ka ajiye akwatin nesa da taga, inda rana ba ta kaiwa. Ɗakin ƙasa irin na tsofaffin gidajen Birni ya fi ɗakin kwano marar silin nesa ba kusa ba.

Hattara: maganin sauro na fesawa da na ƙonawa guba ne ga kifi, ƙanƙanin abu ya isa ya share akwati. In dole sai an fesa, a kashe injin iska, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska sosai.

2. Gyara ruwa, ka ba shi lokaci

Ruwan famfo yana da kulorin, maganin tsabtace ruwan sha, wanda ke cutar da kifi amma yake fita in ruwan ya zauna a buɗe. Ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya zuwa biyu, da tiyon iska a ciki in da hali. In daga mai garuwa kake saye, ka shinshina jarkar: wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko gas ba ta da gyara, komai wanki.

Waɗannan kifaye sun fi son ruwa mai nauyi, mai ma'adinai, wanda pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa, ke tsakanin 7 da 8, shi ya sa ruwan rijiya da na burtsatse yakan karɓe su. Ruwan sama zalla bai dace ba, musamman ga moli, wadda za ka ga tana rawar jiki wuri ɗaya ba ta gaba ba ta baya. Ruwan rijiyar da ake jin ɗanɗanon kanwa a cikinsa kuwa sai an gauraya shi da na famfo. Kanwa ita kanta kada ta kusanci akwati.

Ga matakin da mutane suka fi tsallakewa. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta da ke zama cikin soson mataci su ke mayar da ita nitrit, sannan nitrat, wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kafin su yawaita a sabon akwati ana ɗaukar mako 3 zuwa 6. Ka cika akwatin, ka kunna iska, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi duk bayan kwana biyu, babu kifi a ciki. In kana son gajeriyar hanya, ka roƙi tsohon soso daga akwatin wani mai lafiyayyen kifi, ka kawo shi a jiƙe cikin leda. Kada a raina wannan mataki a Damagaram, domin amoniya ta fi dafi a ruwa mai zafi da kuma mai pH sama, kuma yanayinmu ke nan.

Bayan kifi sun shiga, canjin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu ne duk mako. A akwatin lita 54, wajen rabin jarkar lita 25 ke nan. Ka zuƙo daga ƙasa da tiyo don dattin ya fita, tsohon ruwan kuma ka ba shuka, taki ne.

Hattara: kada ka kwashe kifi ka wanke komai tas. Soso a tsohon ruwan akwati ake matse shi, ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin da ka yi makonni kana jira. Omo da sabulu babu su a wannan harka.

3. Zaɓi iyaye

Launi yana ruɗi, ka duba fiffiken da ke ƙasan ciki, dab da mafitar kashi. Na mace buɗaɗɗe ne mai kusurwa uku. Na namiji a naɗe yake, siriri mai tsini, da shi yake barbara. A gupi mace ta fi girma, namiji ya fi ado. A mai takobi namiji ne ke da doguwar jela ta ƙasa, sai dai wasu mazan suna jinkirin fito da ita, har a yi ta ɗaukarsu mata.

Namiji ɗaya ga mata biyu ko uku. Namijin ba ya hutawa, in mace ɗaya ce zai bi ta har ta daina cin abinci ta rame. Mazan mai takobi biyu a ƙaramin akwati faɗa za su yi ta yi, ɗaya ya isa. Filati da mai takobi suna barbarar juna, don haka mai son tsantsar iri ya raba su.

Ka zaɓi mai miƙaƙƙen baya, mai buɗe fikafikai, mai rububin abinci. Ka bar duk wanda ke da fararen ɗigo a jiki, ko jan zare yana leƙowa daga mafitar kashi, wannan tsutsar ciki ce kuma tana bin akwati gaba ɗaya.

In daga Kano ko Yamai za a kawo maka, ledar ta zama kashi ɗaya ruwa, kashi biyu iska, a cikin kula, kuma a yi sammako. Da isowa ka ɗora ledar a kan ruwan minti 20 zuwa 30, ka riƙa zuba mata ruwanka kofi-kofi, sannan ka kamo kifin da raga. Ruwan ledar a zubar. Sabon kifi ya yi mako biyu a baho shi kaɗai kafin ya haɗu da na gida.

Hattara: macen da aka sayo daga akwatin da ke da maza, ka ƙaddara tana da ciki. Tana adana maniyyi watanni, ta yi haihuwa bayan haihuwa babu namiji a kusa. Shi ya sa wani zai haɗa ja da ja ya sami ƴaƴa masu wani launi daban. Mai neman launi tsantsa sai ya fara da macen da aka raba da maza tun tana ƙarama.

4. Gane ciki da ƙidaya kwanaki

Gupi tana ɗaukar kwana 21 zuwa 30. Filati da mai takobi wajen mako huɗu. Moli ta fi daɗewa, mako huɗu zuwa shida. Zafi yana gaggauta haihuwa, sanyi yana jinkirta ta. Ranar da mace ta haihu ka rubuta a takarda ka manna a jikin akwati, domin daga ita ake ƙidayar ta gaba, kuma wannan ya fi kowace alama tabbas.

A bayan ciki, saman fiffiken ƙasa, akwai wani tabo mai duhu. Yana ƙara girma da baƙi yayin da ciki ke tsufa. A gupi mai hasken jiki, in ka haska tocila daga gefe a makon ƙarshe, za ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe ta cikin fatar, idanun ƴaƴan ne. A baƙar moli tabon ba ya ganuwa, sai dai a bi siffar ciki. Cikin da ya kusa yakan bar zagaye ya yi kusurwa ta gaba da ta baya in an dube shi daga gefe.

Kumburin ciwo daban yake. Ka leƙa kifin daga sama: in ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, ruwa ne ya taru a cikinsa, a ware shi nan take. Kumburin ƙoshi kuma yakan sauka in an hana abinci kwana ɗaya.

Mai ciki tana cin sau biyu zuwa uku a rana, abin da za ta cinye cikin minti biyu. Moli da filati suna son ganye, a ba su ɗan dafaffen alayyafo, a cire ragowar kafin dare. Tsutsar sauron da ka tarar a randa abinci ce mai kyau, ka tace ka ba su. Amma kada ka ajiye ruwa da gangan don ta taru. Cikin mako guda ta zama sauro, kuma kifi bai kai zazzaɓin yaran gida ba.

5. Riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 28

Daga Maris zuwa farkon damina, wannan shi ne babban aikinka. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, mai ciki kuma ta fi kowa buƙatarta. Da ma'auni ya haura 30 za ka ga kifi sun taru a sama suna haki, a nan ake ɓari da mutuwar iyaye.

Ka cire murfi ka sa raga, ka saita fanka tana busa saman ruwan. A busasshiyar iskarmu wannan yana sauke digiri biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Ruwa zai riƙa raguwa, ka cike gurbin kullum da wanda ya kwana. Ka rage abinci, ka kashe fitilar akwati. Ranar da abin ya tsananta, ka sa ƙaramar gorar ƙanƙara a rufe ta yi iyo a ciki, idonka a kan ma'auni, kada ya faɗi fiye da digiri biyu a ƴan sa'o'i. Zuba ƙanƙara ko ruwan firiji kai tsaye yana kashe kifi.

Hattara: gidan sauron da ake rabawa yana da magani a jikin zarensa. Kada a yanke shi a yi murfi ko ragar kamu da shi, ko da ya tsufa.

In wuta ta ɗauke babu injin batir, ka daina ba da abinci, ka riƙa ɗiban ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama duk bayan rabin sa'a.

A Disamba da Janairu kuwa dare yana sanyi har ruwa ya faɗi ƙasa da 20. Ciki yakan tsaya, ciwon fararen ɗigo ya ɓullo. Ka saita hita a 26, ka rufe akwatin saboda ƙurar hunturu, ka lulluɓa masa bargo da dare. Hita tana lalacewa in tana kunne a wajen ruwa, ka cire ta daga wuta kafin canjin ruwa.

6. Shirya wurin haihuwa

Ƴaƴan da suka ɓace da dare ba wani wuri suka je ba, cinye su aka yi, har da uwar a cikin masu ci. Hanyoyin kariya uku ne.

Ta farko, maɓoya a akwatin iyaye. Kainuwa tana da dogayen saiwoyi da ƴaƴa ke shigewa ciki. Wanda bai samu ba ya yanka zaren saƙa na roba tsawon taƙi guda, kamar sili hamsin, ya ɗaure da murfin gora don ya yi iyo, ya tafasa shi tukuna. Wasu za su tsira, ba duka ba. Ga wanda ba sayarwa zai yi ba, wannan ya isa, kuma ita ce ba ta takura uwa.

Hattara: kainuwar tafki tana zuwa da matsattsaku da tsutsar mazari, wadda ke farautar ƴaƴan kifi ɗaya bayan ɗaya. A wanke ta, a ajiye a bokiti mako biyu ana dubawa.

Ta biyu, ƴar akwatin haihuwa ta roba da ake sayarwa. Ta yi ƙanƙanta, ga moli da mai takobi ma ba ta da amfani. In za a yi aiki da ita, kada uwa ta wuce kwana biyu a ciki.

Ta uku ita muka fi so. Ka sami kwandon roba na wanke kayan miya, mai huji milimita 3 zuwa 4, ka rataye shi cikin bahon ƴaƴa, bakinsa a saman ruwa, ka rufe. Uwa tana da wurin juyawa, ƴaƴa suna zurarewa ta huji su sauka inda bakinta ba ya kaiwa. Rabin ruwan bahon ya fito daga akwatin iyaye, zafinsu ya zama ɗaya.

Ka mayar da uwar cikin kwandon saura kwana uku zuwa biyar ta haihu bisa lissafinka. Da kofi ake ɗaukar mai ciki, tana cikin ruwa, raga tana matse ta. Wadda ta riga ta fara naƙuda a bar ta inda take, a kwashe ƴaƴan daga baya.

7. Ranar haihuwa

Uwa za ta ware kanta a lungu, ta ƙi abinci, ta kori duk wanda ya matso, jikinta yana ɗan karkarwa. Ka rage haske, ka hana yara ƙwanƙwasa gilashi. Ƴaƴan suna fitowa a dunƙule, su warware, su nemi maɓoya. Ɗan gupi wajen milimita 6 ne. Haihuwa takan ɗauki sa'a biyu zuwa shida, wani lokaci ta tsaya ta ci gaba. Haihuwar fari takan zama biyar zuwa goma, babbar gupi ko filati ta ba da 20 zuwa 50, babbar mai takobi ta fi haka.

Da cikin ya saɓe ta fara neman abinci, ta gama. Ka fitar da ita, ta huta kwana ɗaya ko biyu inda namiji ba ya kaiwa, da abinci mai kyau.

In ka ga ƙananan ƙwai rawaya a ƙasa, ko ƴaƴa kwance da ƙullutu a ciki ba sa iya tashi, ɓari ne, kuma sababinsa galibi zafi ne, gurɓataccen ruwa ko yawan kamawa. Kada ka taɓa matsa cikin kifi wai don ka taimake ta.

8. Ciyar da ƴaƴa

Suna fara ci a ranar farko. Sau huɗu zuwa biyar a rana, kaɗan-kaɗan. Mafi sauƙi shi ne ka murje abincin manya tsakanin yatsu ya zama gari, ka tsoma tsinken ashana a ruwa, ka dangwala a garin, ka kaɗa a baho. Abin da ya manne a tsinken ya ishi ƴaƴa ashirin.

Gwaiduwar dafaffen ƙwai tana sa girma, amma gwargwadon ƙwayar gero ɗaya, sau ɗaya a rana, kuma a zuƙe ragowar bayan sa'a guda. A zafinmu tana ruɓar da ruwa cikin yini. Wanda ya sami ƙwan artemiya, wasu ƴan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri da ake ba ƴaƴan kifi da rai, ya fi kowa dacewa: lita ɗaya ta ruwa a gora, gishiri giram 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na ƙwan, tiyon iska a ciki, cikin sa'a 24 zuwa 36 sun ƙyanƙyashe. A tace da ƙyalle, a ɗauraye. Cikin ɗan kifin da ya ƙoshi da su yakan yi ruwan lemo, ana gani da ido.

Yawan abinci yana tafiya da yawan canjin ruwa: kashi ɗaya cikin biyar, sau biyu zuwa uku a mako. Da siririn tiyon iska ake zuƙa, kuma a duba bokitin da tocila kafin a zubar, kusan kullum akwai ɗan da ya bi ruwa.

Hattara: matacin lantarki mai jan ruwa yana zuƙe ƴaƴa. In shi kaɗai gare ka, ka ɗaure bakinsa da soso.

9. Raba maza da mata, ka tsai da yawa

A mako na uku zuwa na biyar matan gupi suna fara nuna tabo, fiffiken maza kuma yana fara naɗewa. Ka riƙa ɗiban su a kofin gilashi kana dubawa a haske, duk namijin da ya bayyana ya koma wani baho. Namijin gupi yana iya barbara tun yana wata biyu, kuma macen da ta yi ciki da wuri ba ta girma yadda ya kamata. Filati, moli da mai takobi sun fi jinkiri, a ci gaba da dubawa duk mako har wata uku zuwa huɗu. Ɗan da ya kai santimita 2 ya fi ƙarfin bakin manya, zai iya komawa babban akwati.

Ka yi lissafi tun yanzu. Mata huɗu, kowace ƴaƴa 20 a wata, kifi 80 ke nan duk wata, kowanne da rabonsa na ruwan jarka. Cunkoso ne ke kawo tsumburewa da ciwo. Ka san wanda zai saya ko wanda za ka ba kyauta tun suna wata biyu, kuma kafin bazara ka raba mazan da matan gaba ɗaya, ka rage kifin zuwa abin da fanka ɗaya da injin batir ɗaya za su iya riƙewa.

Masu lanƙwasasshen baya kada a bar su su hayayyafa. In irin waɗannan suka fara yawa, ko ƴaƴa suna ta ƙanƙancewa, barbarar dangi ce ta yi yawa: bayan zuriya uku ko huɗu ka yi musayar namiji da wani mai kiwo, shi ma ya yi mako biyunsa a ware.

Hattara: rarar kifi ba a zuba ta a tafki ko magudanar ruwa. Gupi yana yaɗuwa da sauri, yana cin ƙwai da ƴaƴan kifin gida, yana kuma kai musu ciwon da ya zo da shi. Wanda ke da tankin ban-ruwan lambu da ba ya haɗuwa da wani ruwa zai iya karɓar maza zalla, su cinye masa tsutsar sauro, muddin tankin yana inuwa kuma ba a wanke kayan feshi a cikinsa.